Burodin Da Ya Ga Sallah Biyu

"Sake karantawa," in ji Alhaji Ndanusa.

Aziza ta sake duban wayar. Ta riga ta karanta har sau biyu, kuma duk karantawa sai muryarta ta ƙara shigewa ciki kamar kan kunkuru. Da Turancin buroka aka rubuta abin, ita ke juya wa kawun nata zuwa Hausa, tana yi tana rage masa barkono.

"Cewa ta yi, 'Jama'a ku zo ku ga ikon Allah. Wannan burodin Ndanusa ne. Jiya da shi na buga ƙusa, yau da shi na tokare ƙofa. Duk mai ginin da bulo ya yanke masa, ya neme ni.'"

"Bulo."

"Bulo, Kawu."

"Ni ta ce wa bulo?"

"Burodin ta ce wa."

"To ni da burodin akwai bambanci ne? Hoton wa ke jikin ledar?"

Aziza ta miƙa masa wayar. Ga burodin nan kuwa a gindin wata ƙofa, cikin ledarsa, ga fuskar Alhaji a jiki yana murmushi, ƙofar ta danne masa rabin hula.

Shekara guda ke nan da Aziza ta gama sakandare ta fara aiki a gidan burodin kawunta, nan kusa da Kasuwar Kure. A ɗakin baya aka fara ajiye ta, tana zura burodi a leda tana ƙullewa daga safe har la'asar. Akwai ma'aikatan da sai da suka kwana biyu kafin su san tana magana. Ana nan sai babban ɗan Alhaji ya aiko masa da wayar Bilakberi daga Abuja. Alhaji ya juya ta, ya latsa, ya ce waɗannan maɓallan ai don yatsun ɓera aka yi su. Ya ba Aziza, ya ce ta buɗe wa gidan burodi wannan Fesbuk ɗin da kowa ke shiga.

A can ne wata Azizar ta fito. Ba da sunanta take rubutu ba, da bakin burodin take yi. "Ina kwana, Minna. Ni dai daga wuta na fito, ku kuma mene ne uzurinku?" Ko kuma, "Shayi ya ce ya rabu da ni har abada. Yau da asuba ga shi a ƙofar gidanmu." Mutane suka yi ta dariya suna yaɗawa, kowa ya ɗauka wani saurayi ne mai bakin tsiya ke riƙe da shafin. Ita kuwa duk faɗin garin nan, shafin ne kaɗai wurin da take fara magana ta kai ƙarshenta ba wanda ya katse ta.

Alhaji kuma nasa salon daban. Kullum da safe sai ta karanta masa abin da mutane suka rubuta, kuma kowa sai an amsa masa da cikakkiyar gaisuwa. Ko da mutum babban yatsa kawai ya ɗaga, sai Alhaji ya ce, "Ki ce masa ya gida, ya iyali, ya gajiya, ya ƙoƙari. In mahaifansa na raye, a gaishe su."

Yau dai babu gaisuwa.

"Goge shi," ya ce.

"Ba ya goguwa daga nan, Kawu. A shafinta ta ɗora. Ita kaɗai ce za ta iya cirewa."

"Mutum nawa suka gani?"

"Da ɗan dama."

"Ɗan dama! Yau daga fitowata masallaci Ndaliman mai shayi ya tare ni, wai nawa nake sayar da tifa ɗaya, yana da katangar da ta faɗi."

Aziza ta ciji leɓe. Tun a hanya ta riga ta tsara amsa a ranta, irin wadda za ta sa mutane su yi dariya su manta.

"Kawu, da ka bari na mayar mata da wasa. In aka yi dariya..."

"Wasa? A garinmu Bida, in yaro ya zage ka a kasuwa, ba ka tsayawa cacar baki da shi a kasuwa. Gidansu ake zuwa. A gaida manya, a zauna, a ji abin da ya yi zafi. In laifinka ne ka ba da haƙuri, in nasa ne a ja masa kunne. Wace ce yarinyar?"

"Goodness sunanta. Ɗalibar jami'a ce. A Gidan Kwano take haya."

"Ɗauko mayafinki."

"Kawu, ba haka ake yi a Fesbuk ba."

"Fesbuk ba shi da iyaye ne?" Ya miƙe yana gyara babbar riga. "Ki ji da kyau. Ni ban taɓa shiga bakin duniya ba sai da na shiga cikin wannan wayar. In aka kira magariba da sauran zagi ko ɗaya a ciki, ki miƙo min ita. A rufe shafin. Leda tana nan tana jiran ki."

Aziza ta ji kamar an zuba mata ruwan randa a ƙeya. Ta cusa wayar cikin jaka ta riƙe jakar da hannu biyu.

Motar gidan burodi ta fita rabo, don haka a Kpakungu suka shiga bas ɗin ɗalibai. Alhaji ya zauna a tsakiya da katon ɗin burodi mai zafi a cinya, ƙamshi ya cika motar. Ɗaliban suka dubi katon ɗin, suka dubi hoton da ke jiki, suka dubi fuskar mai riƙe da shi. Wani daga baya ya yi tari, a cikin tarin Aziza ta ji "bulo". Wata ta cusa baki cikin littafi kafaɗunta na rawa.

"Yaran nan mura ke damun su," in ji Alhaji.

"E, Kawu."

Gano gidan bai yi wuya ba. A hotunan Goodness akwai wani jan get da bishiyar mangwaro ta leƙo ta kansa, kuma mai kantin bakin titi na ganin hoton ya nuna musu lungun. Aziza ta yi ta addu'a a ce yarinyar ta tafi aji. Amma Alhaji ba yarinyar ya tambaya ba.

"Ina mai gidan?"

Mai gidan, Baba Yona, dattijon Gbagyi ne, dawowarsa ke nan daga gonar doya, fartanya na rataye a kafaɗa. Yana ganin baƙo cikin babbar riga ya ajiye fartanyar. Alhaji ya ajiye katon, ya tattara riga, ya durƙusa irin durƙuson mutanen Bida, wanda ba a gaggawar tashi.

"Barka da gida."

Baba Yona ya ga babban mutum a ƙasa, shi ma ya zube. "Barka kadai, Alhaji. Sannu da zuwa."

"Mun same ku lafiya?"

"Lafiya lau. Ya hanya?"

"Hanya alhamdu lillahi. Ya iyali?"

"Suna lafiya. Ya naku iyalin?"

Aka gaida iyali, aka gaida gona, aka gaida doya, aka gaida ruwan bara da wanda ake jira. Duk sanda Baba Yona ya yunƙura zai miƙe, sai Alhaji ya ƙara yin ƙasa ya jefo wata gaisuwar, shi kuma dole ya koma. Aziza tana tsaye a gefe tana jin gwiwoyin tsofaffin biyu suna ƙara kamar tsohuwar kujera. Ƙofofin ɗakuna suka fara buɗewa. Ɗalibai suka fito, wani da buroshi a baki, wata da bokiti, kowa da waya a hannu.

"Wurin wata 'yarka muka zo," in ji Alhaji daga ƙarshe. "Goodness."

Baba Yona ya dubi babbar riga, ya dubi katon, ya dubi Aziza da mayafinta. Ya yi gyaran murya.

"Alhaji, ni fa ba ni na haife ta ba. Haya take. Kuma iyayenta 'yan coci ne sosai. In maganar aure ce..."

"Subhanallahi! Maganar burodi ce."

"Ah, to. Da sauƙi." Ya juya ya ɗaga murya. "Goodness! Fito, ka yi baƙi!"

Goodness ta fito da rabin kitso, tsinken tsifa na soke a gashinta. Tana ganin fuskar da ke jikin leda ta zama mutum har ta zo tsakar gidansu, sai ta ja da baya ta riƙe ƙofa.

"Yesu! Baba, abeg, wasa nake yi. Ba na son maganar 'yan sanda. Jarrabawa muke da shi."

"Babu ɗan sanda, 'yata. Kawo min burodin in gani."

Ta shiga ta zaro shi daga gindin ƙofa, ƙofar kuwa ta rufo kanta garam. Ta kawo shi da hannu biyu. Alhaji ya karɓa, ya auna nauyinsa, ya ƙwanƙwasa da zobensa. Burodin ya amsa, ƙwas ƙwas. Ya ɗan buga shi a dakali, dakalin ne ya zubar da gari. Fuskarsa ta faɗi. Aziza ba ta taɓa ganin sa haka ba, sai ta ji dariyar da take dannewa tun a mota ta gudu.

"Nawa ne," ya ce a hankali. "Ƙullin ledar ma namu ne. Yaushe kika saya?"

Goodness ta sosa kai da tsinken. "Kafin mu tafi gida."

"Hutun mako?"

"A'a, Baba. Kafin yajin aiki."

Wani ya fashe da dariya har buroshi ya faɗo daga bakinsa. Kowa ya san malaman jami'a sun shiga yajin aiki tun da damina, sai kwanan nan aka dawo.

"Tsaya," in ji Alhaji. "Tun kafin azumi?"

"E, Baba. Na manta shi a kan taga na kulle ɗaki."

"Aka yi ƙaramar sallah yana nan. Aka yi babbar sallah yana nan."

"Har Kirsimeti," in ji Baba Yona, don kada a bar nasu a baya.

Alhaji ya ɗaga burodin sama yana duban sa ta kowane ɓangare. Ya kwance ledar ya shinshina. Ya sa farce ya kankari gefe.

"Bai yi funfuna ba," ya ce. Ya juyo ga Aziza, idonsa na ƙyalli. "Aziza, kin gani? Ko ɗigon funfuna babu! Ɓera ma bai taɓa shi ba."

"Ya gwada, Baba," in ji Goodness. "Ga wurin haƙorinsa nan."

Aziza ta ɗauka shi ke nan, yanzu kawunta zai ja wa yarinya kunne a tashi. Amma ba haka Alhaji ya yi ba. Shi dai haƙuri ya ɗauko tun daga gida, kuma a wurinsu abin kunya ne mutum ya ɗauko haƙuri ya koma da shi. Sai ya sake tattara riga ya durƙusa, wannan karon a gaban Goodness.

"'Yata, kin dawo daga tafiya da yunwa, kin tarar da abincina bai ciwu ba. Ko laifin wane ne, sunana ne a jiki. Ki yi haƙuri."

"Baba, tashi! Wayyo, za ka sa mamana ya kashe ni!" Goodness ta zube a kan gwiwoyinta. Baba Yona ya ga bai kamata a bar shi a tsaye ba, shi ma ya koma ƙasa. Burodin na tsakiyarsu a kan dakali kamar alƙali. Ta ko'ina Aziza tana jin ƙyas, ƙyas, wayoyi na ɗauka. Ta so ta ce a daina. Bakinta ya buɗe, abin da ya fito ko ita ba ta ji ba.

Aka buɗe katon aka raba burodi mai zafi. Goodness ta ɗauko wayarta, a gaban Alhaji ta goge abin da ta rubuta, ta nuna wa Aziza ta tabbatar. Aziza ta sauke numfashin da ta riƙe tun safe.

"Amma Baba," in ji Goodness da burodi cike da baki, "wane ne wannan gayen da yake rubuta muku Fesbuk? Duk gidan nan muna son shi. Ƙawata Elizabet ma ta ce in ta gan shi, ita za ta biya sadaki."

Alhaji ya nuna da haɓa. "Ga shi nan."

Duk idanu suka juyo kan Aziza. Ta ji kunnuwanta sun ɗauki zafi.

"Ke? Ƙarya ne! Ke ce kika ce shayi ya dawo da asuba?" Goodness ta rungume ta tana tsalle. "Faɗi wani abu! Abeg, faɗi ɗaya yanzu!"

Aziza ta dubi yatsun ƙafarta. "Sannunku," ta ce.

Suka kwashe da dariya kamar ta faɗi abin duniya, har Elizabet ta zauna a kan bokiti.

La'asar ta yi sanyi lokacin da suka samu bas ɗin komawa. Alhaji ya karɓi tsohon burodin, ya naɗe shi a hankici ya ɗora a cinya, ya ce zai sa a yi masa akwatin gilashi. Aziza na gefen taga, ranta fes. An goge zagi, magariba da saura.

Ba su yi nisa ba jakarta ta fara rawa. Ta leƙa. Jar fitilar wayar na ƙyaftawa kamar ta motar asibiti. Hoton ne. An ɗora shi, an yaɗa, an sake yaɗawa: Alhaji a durƙushe, Goodness a durƙushe, Baba Yona a durƙushe, katon a buɗe. A ƙasa an rubuta, "Ka zagi burodinsa, ya zo har gida ya ba ka haƙuri da katon guda."

Sai ta buɗe shafin gidan burodi. Ga abin da mutane ke rubutawa.

"Burodinku ya karya min haƙori. Ina Tunga, bayan masallacin Juma'a, gida mai koren get. Muna da yawa a gidan."

"Ni nawa burodin cizo na ya yi. Bosso, layin masu faci. A zo da bota."

"Tun da na ci burodin Ndanusa matata ta daina yi min magana. Na gode, amma duk da haka a zo a ba ni haƙuri."

"Mu mutanen Paiko ba mu taɓa cin sa ba, amma ranmu ya ɓaci."

Tana karantawa wasu na shigowa. Ta kife wayar a cinya. Kawu ba ya karanta boko sai da ƙyar, kuma ba ya taɓa wayar. In ta yi shiru har a yi magariba, shi ke nan, gobe ma rana ce. Ta dubi gonakin da ke wucewa, ta dubi burodin da ke cikin hankici, ta tuna ƙarar gwiwoyinsa a tsakar gidan mutane.

"Me take ta kuka?" in ji Alhaji. "An ga mun kyauta ko?"

"An gani, Kawu."

"To karanta."

Ta karanta. Wannan karon ba ta rage barkono ba, kuma muryarta ba ta shige ciki ba, har kwandasta ya juyo yana saurare. Ta karanta na Tunga, ta karanta na Bosso, ta karanta na mai mata, ta karanta na Paiko. Motar ta ɗauki dariya, direba na dukan sitiyari. Alhaji kaɗai ne bai yi ba.

"Kawu, wasa suke yi," ta ce. "So ne. A Fesbuk haka ake nuna shi."

"Mutum ya ba ka kwatancen gidansa, ki ce wasa?"

"Burodi suke so."

"Da can me suke so?"

Suna shiga Kpakungu aka fara kiran salla. Alhaji ya miƙo tafin hannu. Aziza ta ɗora masa wayar. Ta ji hannunta ya yi sakayau, ta rasa inda za ta ajiye shi, sai ta cusa shi cikin mayafi.

Alhaji ya riƙe wayar nesa da fuska yana harararta. Ta yi rawa a hannunsa, ya zabura har burodin ya kusa faɗuwa a ƙafar kwandasta. Ta sake rawa. Ya latsa wani maɓalli, babban yatsansa ya danne huɗu. Ya daɗe yana kallon rubutun da ke ta hauhawa, mutane birjik, kowa da unguwarsa da launin get ɗinsa, kuma ba wanda aka ce wa ko sannu.

Ya ja tsaki, ya mayar mata da ita a cinya.

"Wannan na Paiko," ya ce, yana tattara riga zai sauka. "Tambaye shi ko mahaifinsa na da rai. Mu san wanda za mu fara gaisarwa."